Maƙera a garuruwan ribaɗi: makami suka fi ƙerawa ko fartanya?

Ɗan Rima: Assalamu alaikum. Ina roƙon masana tarihi da 'ya'yan maƙera da ke cikin wannan zaure su taimaka mu tattauna wata magana da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya. Duk sa'ad da aka ambaci garuruwan ribaɗi na ƙarni na 19, wato garuruwan da aka kafa a bakin iyaka domin tsaron Daular Usmaniyya, irin su Wurno inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna har ya rasu a 1837, ko Fanisau da Sarkin Kano Ibrahim Dabo ya mayar sansani lokacin da yake fama da Ɗan Tunku, labarin da ake bayarwa shi ne na ganuwa da dawaki da malamai. Idan aka tuna da maƙeri, sai a ce shi ne mai ƙera mashi da kibiya, a wuce. Ni kuwa ina ganin mafi yawan kwanakin shekara fartanya da gatari da lauje yake bugawa, domin garin da ke bakin iyaka ba zai dogara da hatsin da za a kawo masa daga nesa ba alhali hanya ba ta da aminci. Dole ya noma abin da zai ci, kuma ba a noma sai da ƙarfe. Ina neman wanda zai gyara mini ko ya ƙarfafa ni.

Almajirin Waziri: Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Rima. Maganarka tana da madogara a rubuce. A cikin littafin Usulus Siyasa, wanda Muhammadu Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya ce wajibi ne shugaba ya kula da masu sana'o'in da jama'a ba ta iya zama sai da su, ya lissafa manoma da maƙera da maɗinka da marina da masu magani da mahauta da masassaƙa, ya kuma ce a rarraba su zuwa kowane gari da kowace unguwa. Abin lura shi ne ya jera maƙeri a sahun masu raya gari tare da manomi da maɗinki. Manufar ribaɗi a wurinsa ta haɗa da zaunar da mutane wuri ɗaya, har da Fulani makiyaya, a koya musu karatu da noma da sana'a, saboda garin da mutanensa suka yi gonaki suka kafa iyali ya fi wuyar watsewa a kan sansanin da mayaƙa kaɗai ke ciki.

Barden Gobir: Allah ya gafarta malam, abin da aka rubuta a takarda daban, abin da ya faru a ƙasa daban. Ku tuna waɗanda waɗannan garuruwa suke fuskanta. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, amma Gobirawa ba su ajiye makami ba, kuma bayan yaƙin Gawakuke na 1836 sun sake haɗuwa a Tibiri, ga Katsinawan Maraɗi a gefensu, ga Kabawa ta yamma. Kusan kowane rani sai an yi hari ko an tare hari. Yawancin mayaƙan wancan zamani dakaru ne 'yan baka, kuma kibiya aba ce mai ƙarewa, wadda aka harba ta tafi ke nan sai dai idan an tsince ta bayan ƙura ta lafa. Fartanya guda kuwa tana iya kai manomi damina fiye da ɗaya idan yana kai ta gyara. To idan aka ƙidaya abin da ya fita daga maƙera ɗaya-ɗaya, wa zai ce kawunan kibiya ba su ninka fartanyu ba? Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka tun kafin a buga tambari maƙeri yana kan aikin makami.

Jikan Maƙera: Ni ba masanin tarihi ba ne, amma a gidan ƙira aka haife ni, kuma na yi zuga a gaban kakana tun hannuna bai gama rufe bakin zuga-zugi ba. Abin da zan iya faɗa shi ne yadda shekarar maƙeri take tafiya, domin wannan tsari bai canza sosai ba har zuwa zamaninsa. Da bazara, tun hadari bai fara haɗuwa ba, maƙera cika take da manoma tun da asuba, kowa da tsohuwar fartanyarsa ko sunguminsa na shuka. Wanda ya kawo aiki sau da yawa shi ne zai zauna ya yi zuga, ko ya kawo yaronsa. Kakana yakan zauna a ƙasa, uwar maƙera a kafe a gabansa, awartaki a hannun hagu, masaba a dama, ya tura ƙarfe cikin gawayin ƙirya har sai ya wuce ja ya koma fari-fari yana tartsatsi, sa'an nan ya zaro ya ɗora sabon baki a kan tsohuwar fartanya ya buge su har su zama abu ɗaya. Idan wutar ba ta kai ba haɗin zai rabu a gona, idan ta wuce ƙarfen ya ƙone, kuma da ido kawai yake gane tsakani. Da damina aikin gyara ne, wanda ƙotarsa ta kwance ko bakin garmarsa ya lanƙwashe zai zo da yamma ya koma gona da safe. Da kaka sai lauje da magirbi. A lokacin ne kuma ake biyan maƙeri, domin da yawa ba su da kuɗi a bazara, sai an girbe su kawo damin gero ko na dawa. Idan na auna wannan da maganar Barde, lokacin da ya rage wa makami shi ne daga ƙarshen kaka zuwa tsakiyar rani, wanda shi ne dai lokacin yaƙi. Ina ganin ku duka biyun kuna magana ne a kan watanni dabam-dabam na shekara guda.

Hajiya Mai Tambaya: Ɗana Jikan Maƙera, Allah ya yi maka albarka da wannan bayani. Amma a wancan zamani da babu tsohuwar mota ko ƙarfen jirgi, daga ina ƙarfen yake zuwa musu?

Mai Tama: Hajiya, daga ƙasa ake fitar da shi, kuma a nan ne nake ganin muhawarar ta fi nauyi. Akwai dutsen tama a duwatsu da tuddan marmara a wurare da yawa na ƙasar Hausa. Da rani masu narka tama sukan fita daji su kafa bukkoki kusa da inda dutsen yake da kuma inda itace yake, su sare ƙirya su ƙona ta zama gawayi, su gina murhu mai tsayi da yumɓu da bututai a gindinsa inda iska ke shiga, su jera gawayi da dutsen da aka farfasa hawa-hawa, su kunna wuta. Abin da ake samu a ƙarshe dunƙule ne na ƙarfe a cakuɗe da ƙazanta, wanda sai an fasa shi an yi ta mayar da shi wuta ana bugu kafin ya yi kyan da za a ƙera wani abu da shi. Har yau wanda ya san daji yana iya nuna maka tulin kashin maƙera a inda aka yi wannan aiki.

Yanzu ku dubi halin garin da ke bakin iyaka. Aikin tama yana son mutane su kwana a daji, nesa da ganuwa, a daidai lokacin da mahara ke yawo, ga hayaƙi yana tashi yana nuna inda suke. Wannan ya sa nake ganin ƙarfe ya fi tsada a irin waɗannan garuruwa, ko dai a fita da rakiyar masu makami, ko a saya a hannun fatake. Inda ƙarfe ya yi tsada kuwa ba a yar da komai. Fartanyar da ta cinye sai ta koma wuƙa, wuƙar da ta siranta ta koma basilla ko kan kibiya. Saboda haka ƙidayar Barde tana da matsala, domin ƙarfen fartanya ɗaya zai fitar da kawunan kibiya masu yawa. Idan da nauyin ƙarfe za a auna, noma ne ya cinye mafi yawa.

Barden Gobir: Mai Tama, na ji batun nauyi, amma Ɗan Rima kwanakin aiki ya ambata, ba nauyin ƙarfe ba. Kan kibiya ƙarami ne amma yana cin lokaci, sai an fitar masa da kunnuwa yadda idan ya shiga jiki ba zai fita da sauƙi ba, a karce wuyansa yadda dafi zai kama. Ƙara da mashi da takobi da linzami da likkafa da ƙaimi.

Dakta Kurmi: Ina so in cire takobi daga lissafin Barde, ko aƙalla in rage masa nauyi. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851 kuma ya zauna a Wurno a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya rubuta cewa ruwan takubba masu yawa daga Solingen ta ƙasar Jamus ake kawo su ta hamada, a Kano ne ake sa musu ƙota da kube a sayar da su zuwa wasu ƙasashe. Sulke ma mafi yawansa shigo da shi ake yi, lifidi kuwa aikin maɗinki ne da auduga. Ban ce maƙeranmu ba sa ƙera takobi ba, suna ƙerawa, amma mai doki da yake da hali ya fi son na waje. Wannan yana nufin kayan yaƙi masu tsada ta kasuwar birni suke bi, maƙerin ribaɗi kuma ya fi haɗuwa da su idan sun lalace.

Bazindire: Dakta, kada a manta da Damagaram. A zamanin Sarki Tanimu an ƙera igwa a cikin Zinder kanta, ana kuma haɗa albarushi. Wannan aikin maƙeran ƙasa ne.

Dakta Kurmi: Gaskiya ne ɗan'uwa, kuma abin alfahari ne, sai dai Zinder babban birnin sarauta ce mai fada da taskar sarki da hanyar fatauci zuwa Tarabulus. Tambayar da aka yi a kan ƙaramin gari ce mai maƙeri ɗaya ko gida ɗaya na maƙera, wanda idan ya kwanta ciwo da bazara gari duka zai ji a jikinsa.

Bahaushe A Amurka: Ku ba ni dama in kawo misali daga inda nake zaune, domin su ma suna da tarihin garuruwan bakin iyaka lokacin da Turawa ke kutsawa yamma suna ƙwace ƙasar mutanen da suka tarar. A wuraren tarihinsu kusan kowane tsohon ƙauye da aka adana yana da maƙera, kuma abin da ake nunawa a ciki ƙusa ne da sarƙa da ƙarfen ƙafar keken doki da takalmin kofato. John Deere, wanda sunansa ke jikin taraktoci a yau, maƙerin ƙauye ne a jihar Illinois, kuma a 1837 ya ƙera garmar da ƙasar wurin mai danƙo ba ta manne mata, wadda ita ce ta ɗaga shi. Bindiga kuwa mafi yawa daga masana'antun gabas take zuwa. Bambancin da na gani shi ne namu maƙeran ba su da aikin keken doki, kuma a ƙasar Hausa ba a saba sa wa doki takalmin ƙarfe ba, don haka wani babban kaso na aikin yau da kullum na can babu shi a nan.

Gaskiya Ɗaci: Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma akwai wani abu da ya fita daga maƙerar ribaɗi wanda babu wanda ya ambata, wato mari da sarƙa. Ana ta cewa gari ya noma abin da zai ci, to su wa suka yi noman? A Fanisau da kewayenta gandayen sarki da na attajirai ne, kuma bayi ne suke nome su, da yawansu an kamo su ne a irin yaƙe-yaƙen da Barde yake magana a kai. A wajen Sakkwato ma an zaunar da bayi a rinji da garuruwan ribaɗi. Hannun da ya buga fartanyar da bawa zai riƙe shi ne ya buga marin da za a sa masa idan ya yi yunƙurin gudu, kuma ga wanda ke bakin iyaka gudu abu ne mai yiwuwa, tunda ƙasar abokan gaba ba ta da nisa. Idan za mu yi maganar rayuwar aiki ta yau da kullum a waɗannan garuruwa mu bar wannan, to mun ba da rabin labari.

Jikan Maƙera: Yaya Gaskiya Ɗaci, ban musa ba, dattawan gidanmu ma ba su ɓoye cewa an ƙera mari ba. Abin da zan ƙara shi ne maƙeri ba shi da ikon zaɓar aikin da zai yi wa sarauta. Akwai Sarkin Maƙera, kuma ta hannunsa umarni yake zuwa idan fada tana son makamai ko kayan doki ko sarƙoƙi ko ƙarafan da ake lulluɓe ƙyauren ƙofar gari da su. Wanda ya je Gidan Makama a Kano zai ga irin waɗannan tsofaffin ƙyamare, ya ƙidaya ƙusoshin da ke jikin guda ɗaya ya tuna cewa kowace da hannu aka buge ta. Irin wannan aiki ba ciniki ba ne da za a ce a'a. Na faɗi haka ne domin a san nauyin da ke kansa, ba domin in wanke kowa ba.

Ɗan Adar: Tambayata ga Jikan Maƙera ita ce matsayinsu a gari. A wajenmu, maƙeran Buzaye jinsi ne a ware, a tsakaninsu suke aure, kuma suna rataye da gidajen manya suna yi musu ƙira da aike. Shin haka abin yake a garuruwan da kuke magana?

Almajirin Waziri: Malam Ɗan Adar, a ƙasar Hausa ƙira gado ce, ɗa yana karɓa daga uba, kuma suna da sirrinsu na wuta da kiɗansu na dundufa, amma ba a killace su kamar yadda ka bayyana ba. Maƙeri yana da gonarsa, yana zuwa masallaci ɗaya da kowa, yana riƙe sarauta. Kanawa ma a labarin kafuwar birninsu suna cewa maƙera ne daga Gaya suka zo gindin Dala neman tama suka zauna, su ne ake kira Abagayawa, kuma binciken da aka yi a wurin ya nuna ana narka ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7. Idan aka bi wannan labari, Kano kanta ta fara ne a matsayin sabon mazauni da masu neman ƙarfe suka kafa.

Hajiya Mai Tambaya: Ni dai ina ganin kun taƙaita abin ga gona da fagen fama, kun manta da cikin gida da kasuwa. Matar da za ta yi kaɗi sai ta gurje audugarta da sandar ƙarfe a kan dutse kafin ta kai ga mazari, kuma wannan zaren shi ne masaƙi yake jira. Wanzami ba ya aski ko kaciya ko ƙaho sai da aska, baduku yana son basilla da wuƙar fata, mahauci yana son wuƙa da gatari, masassaƙi ba zai fafe turmi ko akushi ba sai da gizago. Rijiyar da za a haƙa a cikin ganuwa, wadda ita ce ran gari idan aka kewaye shi, da dagi ake haƙa ta. Wutar girki ma da ƙyastu ake kunna ta. Duk masu sana'ar da Almajirin Waziri ya ce Sarkin Musulmi Bello ya lissafa, in ban da kaɗan, sai sun bi ta ƙofar maƙeri kafin su fara nasu aikin. Na ga kakata tana da wata tsohuwar wuƙa da aka wasa har tsakiyarta ta lotsa, ba ta yarda a taɓa ta, tana cewa ƙarfen tama ne ba na kanti ba.

Ɗan Rima: Na gode wa kowa. Bayanin Jikan Maƙera a kan watannin shekara da na Mai Tama a kan tsadar ƙarfe sun ƙara mini ƙarfi, kuma Hajiya ta faɗaɗa abin fiye da yadda na ɗauko shi. Har yanzu ina kan cewa abin da ya riƙe garin ribaɗi shekara da shekaru shi ne aikin da ake kawo wa maƙeri kullum safiya. Maganar Gaskiya Ɗaci kuwa ta shiga cikin tambayar da kanta, domin idan gandu ne ke cin mafi yawan fartanyun, to mai gandun ne babban mai ba maƙeri aiki, ba talaka mai biya da dami ba.

Barden Gobir: Malam Ɗan Rima, ban sauka daga matsayina ba tukuna. Garin da ke kusa da Sakkwato ba ɗaya yake da garin da ke fuskantar Ningi a kudancin Kano ba, inda a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi mahara suke saukowa daga duwatsu su kwashe mutane a gonaki. A irin wannan wuri manomi da kwari da baka yake zuwa gona, ya rataye su a itace ya kama noma. Wanda ya kawo fartanya gyara shi ne kuma mai neman kibiya, kuma a rana ɗaya yake neman su. Sai an ɗauki gari ɗaya-ɗaya an duba irin maƙwabtan da yake da su kafin a yanke hukunci.

Mai Tama: Abin da zai sa binciken da Barde yake nema ya yi wuya shi ne kayan da kansu ba su saura ba, saboda dalilin da na faɗa tun farko, an yi ta mayar da su wuta ana sake ƙera su. Masu narka tama ma sun ƙare. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903 aikin makami ya ja baya, sa'an nan layin dogo ya iso Kano a 1911, ƙarfen waje da tsofaffin ƙarafa suka cika kasuwa da arha, ga dokokin gandun daji da suka takura saran itacen gawayi, sai fita daji neman tama ta daina biyan wahalarta. Wanda yake son amsa sai ya nemi tsofaffin gidajen maƙera a Wurno da Fanisau da garuruwan kudancin Kano ya tambayi abin da kakanninsu suka ce ana karɓa a hannunsu duk shekara da sunan sarauta, fartanya nawa, kibiya nawa. Idan akwai ɗan ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa a zauren nan, muna sauraronsa.